Wasiƙun albasa da suka ɓace tsakanin Abijan da Tahoua

Lokacin kakar albasa ne, zafi ya fara gaske, manyan motoci suna lodi a Galmi da Madawa, sai shugaban wata ƙungiyar masu fitar da albasa da ke da ofis a cikin garin Tahoua ya kira ni bayan la'asar. Ni nake duba musu kwamfutocin ofis idan sun ƙi aiki, don haka duk abin da ya shafi waya ko intanet, ni ake nema, ko da kuran ne ya ɗauke.

"Ɗana, taho ka duba muna wanga abu," in ji Alhaji. "Mutanen Abijan sun ce sun aiko takarda tun shekaranjiya, mu ko ba mu ga komi ba. Ko dai ƙarya sukai, ko na'urar taku tana cin wasiƙa."

Takardar da ake magana ta oda ce daga wani babban kamfani mai raba kaya ga kantuna a Abijan. Sai an sa mata hannu da hatimi an mayar musu kafin a ɗora buhu ko ɗaya. Mota tana tsaye, direba da yaransa suna cin kuɗin jira, albasa kuma ba ta san haƙuri ba: kowace rana a cikin wannan zafi nauyinta raguwa yake yi. Da na isa ofis na tarar koken ba ɗaya ba ne. Alhaji yana kukan wasiƙun da ba su zuwa. Sakatare yana kukan waɗanda suke zuwa da rubutu a hargitse. Hajiya ma'ajiya kuwa cewa ta yi duk faktir ɗin da sakatare ya tura mata, wani abu take gani mai suna winmail.dat da ba ya buɗuwa, har ta fara zargin da gangan ake ɓoye mata lissafi. Su ukun duk da kalma ɗaya suke kiran abin: imel ya lalace.

Ga yadda aka ɗaura tsarin tun farko. Wasu shekaru da suka wuce wani saurayi ɗan garin ya buɗe wa ƙungiyar adireshi da sunanta, ya kama haya a wurin wani kamfanin ajiyar shafuka na ƙasar waje. Da yake shugabannin sun saba da akwatunansu, bai wahalar da kowa ba. Ya saita adireshin ƙungiya ya riƙa miƙa duk saƙon da ya shigo zuwa Gmail ɗin Alhaji da Yahoo ɗin sakatare. Sakatare yana karanta nasa a Outlook a kwamfutar ofis, abin da ya shafi kuɗi kuma ya danna Transférer ya tura wa Hajiya, ita ta buɗe a iPhone ɗinta. Abin da saurayin bai yi ba shi ne barin kwafi a can gidan hayar. Adireshin ƙungiya ba akwati ba ne, zaure ne kawai: saƙo ya shigo ta wannan ƙofa ya fita ta waccan. Shi kansa saurayin ya daɗe da tafiya ci rani.

Na fara da abin da kowa zai fara da shi, kuma na ɓata kusan awa guda a kai. Na duba kwandon sifam, inda ake jefa saƙonnin banza, babu. Na duba ko akwatin Alhaji ya cika, da saura. Na aika saƙon gwaji daga adireshin aikina zuwa na ƙungiya, kafin in ajiye waya ya shigo. Alhaji ya tafa hannu ya ce to shi ke nan, mutanen Abijan ne maƙaryata. Saura kaɗan in yarda da shi, domin a wannan sana'a tamu ba abin da ya fi daɗi kamar a ce laifin na wancan ɓangaren ne.

Abin da ya tsayar da ni shi ne saƙon gwajin kansa. Na rubuta "gaisuwa ga ƙungiya", amma a wayar Alhaji "gaisuwa ga Æ™ungiya" na gani. A ƙasa kuma ga layi biyu na Turanci da ban rubuta ba, suna cewa an bincika saƙon ba a sami ƙwayar cuta ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wani ne a kan hanya ya buɗe wasiƙata, ya ƙara rubutu, ya sake rufewa.

Sai na roƙi sakatare ya kira akawun kamfanin na Abijan ya tambaye shi abu guda: bayan ya aika, ko wani saƙo ya dawo masa? Ashe ya dawo, har sau uku. Mutumin bai kula ba saboda saƙon yana ambaton wani adireshin Gmail da wani na Yahoo waɗanda shi bai taɓa rubuta musu ba, sai ya ɗauka shirme ne na ƴan damfara. Ya ɗauko mana hotonsa ta WhatsApp. A tsakiyar dogon Turancin ga lamba 550 5.7.26, da kalmar DMARC. A nan na kama bakin zaren. Wannan ita ce muguntar turawa ta kai tsaye: idan aka ƙi karɓar saƙo, labarin ƙin yana komawa ga wanda ya aiko, mai jiran wasiƙar shi ne na ƙarshe da zai sani.

Sai na ɗan koma baya, don in ba haka ba lambar ba za ta ce wa mai karatu komai ba. Ƙa'idar da imel ke tafiya a kanta, SMTP, tun 1982 aka rubuta ta, lokacin da masu amfani da ita kaɗan ne kuma sun san juna. Kamar wasiƙar tasha take: ka miƙa wa direba, ka rubuta sunan da ka ga dama a matsayin mai aikowa, ba mai tambayarka. Kuma sunan mai aikowa wuri biyu yake. Akwai na bayan ambulan, wanda uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke jigilar saƙo, ke faɗa wa ƴar'uwarta lokacin miƙa saƙo, akwai na saman takardar ciki, wanda mai karatu ke gani. Ba dole su zama ɗaya ba. Ƴan damfara sun ci kasuwarsu da wannan giɓi shekara da shekaru, shi ya sa aka zo da matakan tantancewa. SPF jerin sunaye ne da mai gida, wato mai sunan da ke bayan @ a adireshi, ke wallafawa: ga kwamfutocin da na yarda su ɗauki wasiƙa da sunana. Bayan ambulan yake dubawa. DKIM hatimi ne na lissafi da ake bugawa a kan abin da wasiƙar ta ƙunsa, in aka sauya ko harafi ɗaya a jikinta hatimin ya karye. DMARC, wanda aka wallafa ƙa'idarsa a 2015, umarnin mai gida ne ga masu karɓa: in wasiƙa ta zo da sunana a saman takarda, to lallai ɗaya cikin biyun nan ya tabbata, kuma da sunan gidana ya tabbata, ba da na wani ba. In ba haka ba, ko dai ku bar ta ta wuce, ko ku jefa ta sifam, ko ku mayar da ita. Tun watan Afirilun 2014 Yahoo ta zaɓi a mayar, kuma tun daga lokacin bankuna da manyan kamfanoni suke ta bin wannan sahu. A watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka ƙara ɗaure sharuɗɗan karɓar saƙo. Tsarin da saurayin nan ya kafa bai canja ba, duniyar da ke kewaye da shi ce ta canja.

A Gmail na kwamfuta akwai wurin da ake kira Afficher l'original, a cikin ɗigo ukun da ke gefen saƙo. Shi ke nuna wasiƙa tsirararta, da duk tashoshin da ta bi. Layukan Received daga ƙasa zuwa sama ake karanta su, na ƙasa shi ne tashar farko. Na buɗe saƙon gwajina a nan. A sama ga sakamako uku: SPF ya wuce, DKIM ya faɗi, DMARC ya faɗi.

Wucewar SPF ɗin ce ta so ta ruɗe ni, kuma ita ce hujjar da kamfanin hayar suka fara kare kansu da ita da na rubuta musu. Gaskiya ne ya wuce, amma da sunan wa? Gidan hayar yana amfani da wata dabara da ake kira SRS: kafin ya miƙa saƙo gaba, sai ya goge sunan bayan ambulan ya sa nasa, don kada a ce baƙon direba ne ya ɗauko wasiƙar wani. Dabara ce mai kyau, ita ce ma ta sa saƙon ƙin karɓa ya san hanyar komawa Abijan. Sai dai DMARC sunan saman takarda yake kallo. Takarda ta ce daga Abijan nake, ambulan ya ce daga gidan haya nake, ba su dace ba, don haka wannan shaidar ba ta shiga lissafi. Duk wasiƙar da aka miƙa gaba, hatimin DKIM kaɗai ya rage mata. Shi kuwa ga na'urar binciken cuta ta gidan hayar tana karya shi a kowane saƙo da layukanta biyu na Turanci, don kawai ta sanar da duniya cewa ta yi aiki.

To me ya sa nawa ya shigo, na Abijan ya koma? Na tambayi rajistar sunayen intanet da umarnin nslookup, na nemi bayanin _dmarc na gidajen biyu. Nawa p=none, wato a bar ta ta wuce. Na kamfanin Abijan p=reject, a mayar. Ciwon ɗaya ne a jikin saƙonnin biyu, umarnin masu gida ne ya bambanta. Abin takaicin shi ne tsarin yana tace wasiƙu a juye: ƙananan dillalai da masu talla suna shigowa, manyan abokan ciniki masu tsare sunansu su ne ake korowa daga ƙofa. Gmail da Yahoo ba su yi laifi ba, abin da mai wasiƙar ya ce a yi suka yi.

Na yi wa Alhaji bayani da abin da ya sani. Na ce, "Alhaji, in ka aiki yaro da buhu a ɗinke da shaidarka a kai, ya tsaya a hanya ya farke ya duba, ya ƙara albasa biyu don kyautatawa, ya sake ɗinkewa da zarensa, mai karɓa zai amsa?" Ya ce, "Ko ni ba ni amsa. Wa ya san mi anka cire?"

Gyaran kansa minti biyar ne. Samun kalmar sirrin shiga shafin gidan hayar ne ya ci yini ɗaya da rabi, domin ba wanda ya san ta sai mai ci rani, lambarsa kuma ta canja. Ta wurin ƙanwar mahaifiyarsa aka same shi. A wannan tsakanin ban bar mota tana jira ba: na ce akawun Abijan ya aiko odar kai tsaye zuwa Gmail ɗin Alhaji, aka buga, aka sa hannu, aka mayar. Da kalmar sirri ta zo na shiga na kashe ƙarin rubutun nan, binciken cutar kuwa na bar shi yana aikinsa shiru. Akawun ya sake gwadawa ta adireshin ƙungiya. SPF ya wuce, DKIM ya wuce da sunan kamfaninsu, DMARC ya wuce.

Kukan sakatare ma a nan ya ƙare, domin mai laifin ɗaya ne. Wannan ɓangaren ya fi ba ni sha'awa, saboda ya taɓa harshenmu. An gina imel a kan haruffan Turanci zalla, sai a 1992 tsarin MIME ya ba da damar a liƙa wa saƙo alamar da ke cewa ga irin jadawalin haruffan da za a karanta ni da shi. Wayoyi da manhajojin yau da UTF-8 suke rubutu, inda harafi mai lanƙwasa irin ƙ yake cin bayit biyu, wato gurbi biyu a ma'aunin kwamfuta. Na'urar gidan hayar tsohuwa ce. In ta ƙara rubutunta sai ta sake liƙa wa saƙon alamar tsohon jadawalin Yammacin Turai, mai bayit ɗaya ga kowane harafi. Wayar mai karatu ta bi alamar, ta raba kowane harafi gida biyu: ƙ ya zama Æ™, ɗ ya zama É—, ɓ ya zama É“, é na Faransanci ya zama Ã©. Shi ya sa sakatare ya daɗe yana karanta "quantitÃ©" a takardun oda, har ya saba, yana tsammanin haka kwamfutocin Kodebuwa suke rubutu. Mai gyara ya kamata ya bambance iri biyu. In ka ga irin wannan tarkace, harafin yana nan, karatunsa aka kuskure, ana iya dawo da shi. In kuwa alamar tambaya ka gani a gurbin ƙ ko ɗ, to an juya rubutun zuwa jadawalin da babu su a ciki, sun tafi ke nan. Tsohon jadawalin yana da é da ç, ba shi da ko ɗaya cikin haruffanmu masu lanƙwasa, don haka wasiƙar Faransanci takan tsira inda ta Hausa ke mutuwa. Ina zargin irin wannan wulaƙanci yana cikin abin da ya sa mutanenmu da yawa suka haƙura suke rubuta "kasa" ko ƙasa suke nufi.

Na Hajiya daban ne, ba ruwansa da gidan haya. Outlook yana da salon rubutu uku: HTML, Texte brut da Texte enrichi. Na ukun nan nasa ne na gida. In saƙo ya fita da shi, Outlook yakan naɗe kwalliyar rubutun da takardun da aka maƙala a ƙunshi ɗaya mai tsarin TNEF, ya sa masa suna winmail.dat. Wani Outlook ɗin yana kwance ƙunshin ba tare da mai karatu ya ma san an yi ba, manhajar Mail ta iPhone kuwa ƙunshin take nunawa a ɗaure. Shi ya sa sakatare yake rantsuwa ya tura faktir, Hajiya take rantsuwa ba ta gani ba, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Na duba saitin Outlook ɗin gaba ɗaya na ga a HTML yake, na tura wa kaina na ga PDF lafiya lau. Ita kaɗai abin ke samu. Dalilin yana ɓoye a jerin sunayen da Outlook ke kawowa da kansa in ka fara rubuta adireshi: sunan Hajiya ya maƙale a can da tsohon saitin Texte enrichi. Na goge shi daga jerin, na sake rubuta adireshin da hannu, na tura. Ta buɗe a gabana, ta daɗe tana kallon faktir ɗin, sannan ta ce wa sakatare, "To Malam, ka yafe mini." Ni kuma ta ce, "Ƙanena, da ka zo tun bara da ba a yi ta ɓacin rai ba."

Akwai wani ƙaramin abu da na tsinta a hanya. Hotunan takardun duwan da direbobi ke ɗauka da waya sukan ƙi wucewa ko da ba su kai iyakar da aka sani ba. Duk abin da aka maƙala a imel sai an juya shi zuwa haruffa ta hanyar base64, kuma wannan yana ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin uku. Uwar garken gidan hayar da manhajar Postfix take aiki, an bar ta a kan iyakarta ta asali, wajen megabayit 10. Hoton megabayit 8 kan kumbura ya haura. Na ɗaga iyakar, na kuma nuna wa sakatare yadda zai rage nauyin hoto.

Na so in ce an gama, amma tsugune ba ta ƙare ba. Bayan kwana huɗu wasiƙar wani ofishin fiton kaya na Yamai ta koma. Na duba: sun wallafa SPF, sun sa DMARC a kan a mayar, amma ba su buga hatimin DKIM ko kaɗan. Irin wannan wasiƙa in ta tafi kai tsaye lafiya take isa, in aka miƙa ta gaba ba ta da abin da za ta nuna, komai tsabtar ɗan aiken. Akwai tsarin ARC, na 2019, inda mai miƙawa ke ba da shaidar cewa shi ya ga wasiƙar da sahihancinta kafin ya taɓa ta. Amma sai gidan hayar yana yin sa, kuma sai mai karɓa ya ga damar yarda da shaidarsa. Gidan hayarmu ba ya yi. Ba zan iya bin kowane abokin cinikin ƙungiya daga Yamai zuwa Akara ina gyara masa gida ba.

A nan na gaya wa Alhaji ra'ayina ba kwana-kwana: adireshin da ake karɓar oda da takardun kuɗi bai kamata ya dogara da turawa ba. A mai da zauren nan ɗaki. Na buɗe akwati na gaske a gidan hayar da sunan adireshin ƙungiya, na kashe turawar, na haɗa su ukun da akwatin ta IMAP, hanyar karanta akwati ɗaya daga na'urori da yawa. Kowa asalin wasiƙar yake gani daga inda ta sauka, ba wanda ke miƙa wa wani. Hajiya ma ta daina jiran sakatare.

Alhaji bai so ba da farko. "Ni Gmail na sani, kar ka kawo mini sabon abu da tsufana." Na nuna masa ba sabon abu: manhajar Gmail ɗin da ke wayarsa tana karɓar akwatin wani gida, a wuri ɗaya zai ga duka. Abin da ya shawo kansa ba bayanin na'ura ba ne. Tuna masa na yi cewa shekarun nan duk amsar da yake bayarwa da adireshinsa na kansa take fita. Abokin ciniki ya rubuta wa ƙungiya, amsa ta zo masa daga wani suna dabam, har ya saba da hakan. Ranar da ɗan damfara ya buɗe adireshi mai kama da na Alhaji ya ce an canja lambar asusun banki, wa zai yi shakka? Ya yi shiru, sannan ya ce a yi.

Sabon tsarin ma da nasa nauyin. Akwatin yana da iyaka, sai ana share tsofaffin hotuna. In Alhaji ya goge wasiƙa a wayarsa ta goge a wurin kowa, wannan sai da na maimaita masa sau biyu a gaban Hajiya. Kuɗin haya na shekara in aka manta ba a biya ba, komai tsayawa zai yi, don haka ranar biyan ta shiga littafin ma'ajiya. Kalmar sirri kuma an rubuta ta an sa a ambulan, tana cikin akwatin da ake ajiye hatimin ƙungiya. Wasiƙun da aka mayar a baya ba su dawo ba, tun da ba a taɓa ajiye kwafinsu ba. Sakatare ya ɗauki littafin abokan ciniki ya bi su ɗaya bayan ɗaya da waya, yana tambayar wanda ya taɓa aiko abu bai ji amsa ba. Mutum biyu suka ce sun aiko neman farashi a kakar bara, da suka ji shiru suka saya a wurin wasu.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Alhaji ya sake kira. Yana son rubuta sabuwar wasiƙa zuwa Abijan, wayar ta nuna masa suna biyu a wurin mai aikawa.

"Ɗana, wanne za ni taɓa?"

Na ce, "Na ƙasan, Alhaji, mai sunan ƙungiya."